Gidan baya-da-baya ko mai ƙofa biyu?

Ƙanina, ka ce za ka tafi karatu Leeds ta Ingila, kana duba gidajen haya, ka ga tsofaffin gidajen jan bulo a jere manne da juna, duk kamarsu ɗaya, amma masu talla suna raba su iri biyu. Daga bakin titi kam ba ka gane bambanci. Sai ka zagaya baya.

Na farko ba shi da baya sam. Bangonsa uku na tarayya ne: maƙwabci a dama, maƙwabci a hagu, wani kuma ya jingina da shi ta baya yana fuskantar wani layin. Ƙofa ɗaya, tagogi a gaba kawai, ɗakuna a kan juna, ga matakala mai tsayuwa kamar tsani. A ƙarni na 19 aka gina irinsu birjik don ma'aikatan masaƙu da masana'antu, saboda bango ɗaya na yi wa gida biyu aiki, fili kaɗan ya ɗauki mutane da yawa. Iska ba ta ratsawa, ban-ɗaki a waje yake, gidaje da dama na layi a kansa. Manchester ta hana gina sababbi tun 1844, dokar ƙasa ta hana a 1909, amma Leeds ta laɓe da cewa an riga an amince da wasu tsare-tsaren, ta ci gaba har 1937. Shi ya sa har yau akwai dubbai a unguwanni kamar Harehills da Beeston.

Na biyu ya yawaita ne bayan dokar kiwon lafiya ta 1875, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon gindaya sharuɗɗan gini. Ƙofa gaba, ƙofa baya, ɗan tsakar gida, ban-ɗakin kowa daban, sai lungu a baya inda masu kwasar bayan gida ke bi da dare. Ɗaki biyu ƙasa, biyu sama, galibi.

Wajen tarihi na farkon ya fi tsada a wurina, don shi aka fi rushewa. A Birmingham tsakar gida ɗaya tak mai irin waɗannan gidaje ta tsira, a mahaɗar titin Hurst da Inge, National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi, ta mayar da ita gidan tarihi a 2004. Abin da da ake kunyarsa, yanzu tikiti ake saya a shiga.

Amma kai zama za ka yi. Baya-da-baya ya fi riƙe ɗumi da hunturu, tunda bango ɗaya ne ke shan sanyi. Sai dai ranar da ka soya manja da daddawa, ƙamshin zai kwana da kai, kuma in gobara ta tashi ƙofa ɗaya ce. Ni mai ƙofa biyu zan kama. Kowanne ka zaɓa, ka sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa ka shafa bango, ka ji ko da danshi kafin ka sa hannu.