Wata biyu da gilashin Nikon 70-300 a bayan zomaye

Da kakar bana na sayi gilashin kyamara na Nikon, AF-P DX 70-300mm mai VR (fasahar rage rawar hannu), na hannu. Na ɗaura shi a kan kyamarata, Nikon D5600, kuma ba don komai na saye shi ba sai don zomayen da ke gonar kawuna a wajen Kazaure.

Zomon daji ba ya shiga rami. Ɗan gurbi yake yi a gindin sabara ko tsakanin kunyoyi, ya lafe, ya kwantar da kunnuwa a gadon baya. Idanunsa a gefen kai suke, kusan ko'ina yana gani. In ka matsa da yawa sai dai ka ga ƙura. A nan gilashin ya biya kuɗinsa: a kan irin wannan kyamara, zuƙowar 300mm daidai take da ta 450mm a kyamara mai cikakken firam, don haka daga taku goma sha biyar nake zuƙo shi ba tare da na tashe shi ba. Injin saitinsa shiru yake aiki. Nauyinsa gram 415 ne, ina iya rarrafe da shi a hannu ɗaya.

Amma abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne yadda zan ajiye zomon a cikin hoton. Makon farko ɗoki ya sa nake zuƙowa har ƙarshe, in cika hoton da fuska, sai in dawo gida in tarar na datse bakin kunnuwa, inda baƙin gashin nan yake. Yanzu kunnuwan nake bi. In ya miƙe su, in juya kyamara a tsaye. In ya lafe, in bar ta a kwance, in dawo wajen 220mm, in bar fili ta inda ya fuskanta, karan gero da jar ƙasa su shigo.

Wata safiya bayan asuba na kwanta rub-da-ciki, ƙarangiya ta cika mini riga. Wani zomo ya fito yana tsinkar ragowar harawa, ya tsaya, rana ta bugo ta bayansa har jijiyoyin kunnensa suka fito ja. Na sa saiti a kan ido, na danna sau uku. Da a tsaye nake, da bayansa da ƙasa kawai zan samu.

A sani, a 300mm ƙofar hasken gilashin f/6.3 ce, wato haske kaɗan take shigarwa, zomo kuwa da duku-duku da almuru yake fita. Don haka nakan ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600, wani lokaci 3200. VR rawar hannuna yake gyarawa, ba ya tsayar da zomo mai gudu. Wannan sai da saurin ɗauka na 1/1000 na daƙiƙa ko fiye. Ga mai farawa da ƙaramin jari, ina ba da shawarar wannan gilashi. A tafi da mayafin goge gilashi saboda ƙurar hunturu.