Ƙwan fitilar mashin: wanne za ka saya kafin 'yan VIO su duba ka

Jama'a 'yan kabu-kabu da masu mashin na gida, in za ka kai mashin wajen 'yan VIO, jami'an duba ababen hawa, a duba lafiyarshi, abin da ake nema ga fitilar gaba ba yawa gare shi ba. Ta kama, dim da ful su yi aiki kowane daban, gilashi ba fashe ba, hasken kuma ya sauka kan titi ba cikin idon mai tahowa ba. Danja da sigina su ma za a ce ka kunna.

Ni dai zaɓina ƙwan halojin na asali, 12V 35/35W, irin wanda Boxer da Jincheng da yawancin mashinan da muke hawa suke zuwa da shi. Dalili, an yi gidan fitilar ne daidai da inda zaren ƙwan yake zaune, shi ya sa in ka sa dim hasken yake yankewa ƙasa tsaf, in ka sa ful ya miƙe gaba. Baya son wani ƙarin waya, ba a yanka komai, minti biyar an ɗaura. Kuma haskenshi ja-ja ne, lokacin hunturu nan Sakkwato in ƙura ta rufe hanyar Kwannawa ko ka fita wajen Wamakko da dare, ya fi farin nan daɗin gani don farin dawo maka yake yi a ido. Sai dai kar a kama gilashin da hannu tsirara, maiƙon yatsa yana sa shi ya mutu da wuri, a riƙe shi da kwalinshi ko ƙyalle.

Ƙwan LED yana da haske kuma baya shan batir sosai, amma mashinan da fitilarsu ke cin wuta kai tsaye daga koyil, masu ƙara haske in ka ba da wuta, LED ɗin da ba a yi shi don haka ba sai ya riƙa ƙyaftawa, sai an juya wayarin zuwa batir, kuma masu arahar watsa haske suke ko'ina. HID kam, ƙwan gas ɗin nan mai farin haske mai ƙarfi, ka manta da shi. Ƙwan mota mai 60/55W shi ma narkar da soket yake.

Yanzu ga inda nake son ku tsaya. Kasuwa cike take da jabu wallahi. Kwali ka gani an rubuta Osram ko Philips, kala ta yi kyau, ka buɗe ka tarar zaren ciki a karkace, dalmar gindin ƙwan ɗaya ta fi ɗaya tudu, ka sa shi yana rawa cikin soket. Irin wanga sati biyu bakinshi ya yi baƙi ya mutu. An taɓa sayar mani da shi a kuɗin na asali, har da rantsuwa, dim ɗin ya ɗauke ina tsakiyar hanya da fasinja, tun daga nan ba na biyan kuɗi sai an ɗaura an gwada dim da ful a gabana. Ka ɗaga ƙwan sama ka duba zaren, ka duba rubutun da ke jikin ƙarfen ya yi daidai da na kwali, in mai shago ya ƙi a buɗe to ka ƙara gaba, shaguna ba su ƙare ba a Sakkwato.

Haka rektifaya, akwai masu wanke tsohuwa su sa a leda su ce sabuwa ce. Ita ke daidaita wutar da koyil ke turowa, in ta lalace ko ƙwan asali ka sa ƙonewa zai yi da ka matsa totur. Don haka in ƙwai yana mutu maka a kai a kai, kafin ka sayi wani ka ce wa mai wayarin ya sa mita kan batir inji na aiki, volt 13.5 zuwa 14.5 ake so, in ta wuce 15 rektifaya ce. Ya duba wayar da ke ɗaure jikin firam ko ta yi tsatsa, ya buɗe makunnin dim ya busa ƙurar ciki, sannan ka tsaya gaban bango da dare a saita hasken da sukurun gidan fitila ya sauka ƙasa da tsayin fitilar.