Kafin ka zuba jikkunanka a faifan tseren motoci

Kwanakin baya wani ƙanena da ke riƙe da gidan gem a unguwar Zariya, nan Maradi, ya kira ni in taya shi duba wani faifan tseren motoci da aka yo masa saƙonsa daga Kano, sabo fil a cikin leda. Da muka saka shi a na'ura, ko tayar mota ba mu gani ba sai allo ya nuna cewa dole a sauke sabuntawa mai nauyin giga da yawa. Muka jona wayata, aka ci rabin hanya, wuta ta ɗauke, da ta dawo kuma forfen intanet ya ƙare. Yaran da ke zaune a kan benci da manet a hannu suka gaji da jira, suka ce a mayar musu da ƙwallo. Ya dube ni ya ce, "Yaya, ashe kwali kawai na saya."

Abin da ya same shi ya zama ruwan dare a wasannin tsere na wannan zamani, domin kamfanoni sun saba fitar da wasa kafin ya nuna, su karɓi cikakken kuɗi, sannan su riƙa ƙarasa aikin da kaɗan-kaɗan ta intanet. Mai saye a Faransa ko Amurka, wanda intanet ɗinsa ba ya yankewa, haushin jira kawai zai ji. Mu a nan kowace sabuntawa kuɗin forfe ce, saboda haka tambayar da ta kamata mai saye ya fara yi ita ce: me ke cikin faifan nan a yau, kuma zai yi aiki idan babu intanet?

Mafi haɗari su ne wasannin da ba sa tashi sai an haɗa su da manyan kwamfutocin kamfanin. The Crew na kamfanin Ubisoft ya fito a 2014, a ƙarshen Maris na 2024 kuma aka kashe kwamfutocin da ke ɗauke da shi, faifan ya zama ba shi da wani amfani ko ga wanda yake son ya yi tuƙi shi kaɗai. Har yanzu ana iya cin karo da shi cikin tsofaffin faifai a kasuwa, kuma ko kyauta aka ba ka kada ka ɗauka. Test Drive Unlimited Solar Crown, wanda ya fito a Satumba na 2024 da taswirar tsibirin Hong Kong, shi ma da wannan sharaɗi ya zo, kuma a kwanakinsa na farko masu saye da yawa sun sha wahalar shiga. Driveclub na PlayStation 4 ya fito a Oktoba na 2014 da matsalar haɗi, ruwan sama na cikin wasan da aka yi ta tallarsa bai shigo ba sai a Disamba, aka rufe kamfanin da ya ƙirƙire shi a 2016, aka kashe ɓangarensa na intanet a Maris na 2020. Shi dai ana iya buga tseren mutum ɗaya a cikinsa, amma abin da ke kan faifan bai kai abin da aka yaba daga baya ba.

Manyan sunaye biyu da aka fi tambayata a kansu su ne Gran Turismo 7 da Forza Motorsport. Na farkon ya fito a Maris na 2022 a PlayStation 4 da 5 da motoci sama da 400, kuma a wajen jin nauyin mota a hannu da kyawun hoto ban ga na biyunsa a wannan na'ura ba. Sai dai mafi yawan wasan, har da ajiye ci gaban da ka samu, yana buƙatar intanet, kuma makonni biyu da fitowarsa wata sabuntawa ta sa ya tsaya fiye da awa 30, har shugaban kamfanin Polyphony Digital da ya yi wasan, Kazunori Yamauchi, ya fito ya ba da haƙuri. Tun daga lokacin ana ƙara masa motoci kyauta, galibi 'yan ƙalilan a kowane zuwa. Forza Motorsport kuwa ya fito a Oktoba na 2023 a Xbox Series da kwamfuta da filayen tsere 20, doguwar hanyar Nürburgring ta Jamus da kowa ke jira ba ta iso ba sai Fabrairu na 2024, kuma ya zo ba tare da tsarin raba allo ga mutum biyu ba. Ga mai gidan gem wannan kaɗai ya isa dalilin haƙura, tunda kuɗinsa na fitowa ne daga yara biyu da ke gasa da juna a gaban talabijin ɗaya. Idan dole sai ɗaya cikin biyun, kuma kana da intanet tsayayye a gida, Gran Turismo 7 zan zaɓa.

Akwai kuma waɗanda ake sayarwa tun ana kan gina su, kamar Assetto Corsa EVO da ya fito a kwamfuta a Janairu na 2025 da motoci 20 da filaye 5. Su aƙalla ba su ɓoye cewa ba su gama ba, amma wasa ne na mai sitiyari da kwamfuta mai ƙarfi da haƙurin shekaru, kuma ban ga wanda zan ba shawarar sayensa a nan ba.

Inda nake ganin kuɗi ba zai yi ciwo ba shi ne wasannin da suka kwana biyu, aka gama gyaransu, kuma suna tashi babu intanet. Need for Speed Heat na 2019 yana aiki haka ga mutum ɗaya, saɓanin Need for Speed na 2015 da ke neman haɗi a koyaushe, don haka a duba sunan da kyau kada kamannin kwali ya ruɗe ka. Dirt 5 na 2020 da Crash Team Racing Nitro-Fueled na 2019 suna ɗaukar mutum huɗu a allo ɗaya a PlayStation 4. Mai Nintendo Switch yana da Mario Kart 8 Deluxe, wanda ya zo da hanyoyi 48 a cikin katinsa tun 2017. Kuma kada a raina PlayStation 2 da ke cikin ƙura a ɗaki: Gran Turismo 4 yana da motoci sama da 700 a faifai guda, ba a taɓa neman ko mega ɗaya don a ƙarasa shi ba.

A wurin saye, juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun baya, inda ake nuna ko intanet wajibi ne, da yawan masu wasa a allo ɗaya, da gurbin da zai ci a na'ura. Idan mai shago ne zai loda maka wasan, ka nemi ya haɗa da sabuntawa ta ƙarshe, sannan ya cire intanet a gabanka, ya jona manet biyu, ku yi zagaye ɗaya cikakke kafin ka ƙirga masa kuɗi. Ƙanen nawa ya mayar da faifansa, ya yi asarar kuɗin mota, ya karɓo Dirt 5 a madadinsa.