My Next Move: kafin yaro ya zaɓi darussan aji 12

Duk mai ɗa ko 'ya a aji 11 a nan Amurka, shawarata ya zaunar da yaron gaban My Next Move, shafin intanet mai taimaka wa mutum zaɓen sana'a, kafin makaranta ta raba takardar zaɓen darussan aji 12. Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka ce ke ɗaukar nauyinsa. Kyauta ne, ba sai an yi rajista ba, kuma ba a cika maka ido da talla.

Abin da ke kai mutum can shi ne gwajin sha'awa mai suna O*NET Interest Profiler. Tambayoyi 60 ne, kowacce aiki guda: haɗa kabad ɗin kicin, jera bulo, ƙirƙiro sabon magani, rubuta littafi ko wasan kwaikwayo. Yaro zai nuna ko yana son aikin ko ba ya so, da kuma yadda son ya kai. Tun farko an ja masa kunne kada ya yi tunanin albashi ko tsawon karatu. Wannan ya burge ni, domin shi ne abin da mu iyaye muka kasa. Yaro na buɗe baki ya ce yana son abu kaza, sai mu ce nawa ake biya?

Sakamakon yana fitowa ne bisa rukunoni shida na masanin halayyar ɗan Adam John Holland: aikin hannu, bincike, zane da ƙirƙira, hidimar jama'a, shugabanci da kasuwanci, sai aikin tsari irin na ofis. Ɗana ya fi ƙarfi a bincike da hidimar jama'a, wanda bai ba kowa mamaki ba a gidan.

Daɗin yana mataki na gaba, inda ake tambayar yaro yawan karatun da ya shirya yi. A gidajenmu sana'a uku muka sani, likita, injiniya, lauya, sauran duk "Allah ya kyauta". Da ɗana ya zaɓi matsakaicin karatu, sai ga masu kula da numfashin marasa lafiya, masu ɗaukar hoton cikin jiki da na'ura, masu tsaftace haƙori a asibiti, ayyukan da galibi ake shiga da shaidar karatun shekara biyu a kwalejin al'umma. Da ya koma kan likita, ya ga hanyar da idonsa: shekara huɗu na digirin farko, huɗu a makarantar likitanci, sannan aƙalla uku na horo a asibiti. Har yanzu likitan yake so, amma yanzu ya san abin da ya ɗauko, kuma da kansa ya ce zai ƙara darasin kimiyyar sinadarai. Sana'o'i sama da 900 ne a ciki, kowacce da bayanin aikin yau da kullum, albashi, da alamar rana a kan waɗanda ake sa ran za a nemi ma'aikata da yawa.

Sai dai a san iyakarsa. Sha'awa yake aunawa, ba iyawa ba. Wanda lissafi ke ba shi wuya zai iya ganin injiniya a jerinsa. Albashin da ke fitowa ba na sabon shiga ba ne, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka a duba na jihar da ake zaune. Kuɗin makaranta kuwa, wannan lissafin naku ne. Da Turanci da Sifaniyanci kawai yake, kuma yaro ɗan shekara 16 na iya sauya ra'ayi cikin wata shida, to a sake gwajin bayan hutu.

Mu dai mun buga sakamakon a takarda ya kai wa mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu. Common App, shafin da ake neman shiga jami'o'i da yawa da takarda ɗaya, yana buɗewa ranar 1 ga Agusta, jami'o'i da dama kuma suna rufe karɓar takardun masu nema da wuri ranar 1 ga Nuwamba, watanni kaɗan da shiga aji 12.