Hattara da Masu Tayin "Maƙaloli Ɗari, Shafin Farko a Google"

Jama'a, musamman masu sayar da kaya ko hidima ta intanet, akwai wata damfara da ke zuwa da sallama da yabo, ta imel ko WhatsApp ko akwatin saƙon Instagram. Mai saƙon zai ce ya leƙa shafinku, kayanku sun burge shi, sai dai kash, Google ba ya nuna ku. Daga nan sai tayi: zai rubuta muku maƙaloli hamsin ko ɗari kan sana'arku, ya wallafa su a manyan shafuka, kowace da liƙau, wato link, mai kawo mai karatu wurinku, kafin wata ya ƙare kun hau shafin farko na bincike. Ku dai ku ba da kafin alƙalami.

Abin da ke sa mutane faɗawa shi ne tushen maganar gaskiya ne. Rubutu mai amfani yana jawo masu saye. Mai sayar da na'urar sola da ya zauna ya bayyana yadda ake lissafin girman batir zai samu masu nemansa. Alƙawarin ne ƙarya. Shi kansa Google, a shawarar da ya wallafa ga masu neman ɗaukar ƙwararren SEO, wato aikin gyara shafi don ya fito sama a sakamakon bincike, ya ce babu wanda zai iya lamunce wa kowa matsayi na ɗaya, ya kuma ja kunne game da masu turo saƙo haka kawai ba a neme su ba, da masu iƙirarin suna da wata alaƙa ta musamman da kamfanin. Duk wanda ya ba ku wannan tabbacin, ko bai san aikin ba, ko ya san ku ba ku sani ba.

Hajar ma tsohuwa ce, ta daɗe da lalacewa. A da, ana rubuta maƙala ɗaya a watsa ta a rumbunan maƙaloli irin su EzineArticles, kuma tana ɗan aiki. A Fabrairun 2011 Google ya fito da wani sauyi a tsarin jera sakamakon bincike da ake kira Panda, ya danne shafukan da ke tara rubutu maras inganci. A Afrilun 2012 Penguin ya biyo baya, shi kuma kan liƙau na bogi. A Janairun 2014 Matt Cutts, wanda a lokacin yake jagorantar sashen yaƙi da shara a Google, ya fito ya ce rubutun baƙunta, wato wallafa maƙala a shafin wani, don neman liƙau kawai ya zama shara, a daina. A Maris 2024 kuma aka ƙara dokoki kan tara rubutu barkatai don yaudarar injin bincike, da sayen tsofaffin adireshin shafuka da wa'adinsu ya ƙare don cin albarkacin sunansu. To waɗannan biyun na ƙarshe su ne ainihin abin da ake sayar muku.

Ga yadda suke yi. Maƙala ɗaya ce ake zuba wa manhaja ta jujjuya kalmominta ta fitar da ɗari, ko a sa ƙirƙirarriyar basira ta zubo su cikin mintuna, babu wanda ya karanta ko da layi ɗaya. "Manyan shafukan" kuwa sau da yawa na mai tayin ne ko na abokan harkarsa: adireshin wata makaranta ko ƙungiya da ta daina aiki, an saye shi an cika shi da tarkace. Ku buɗe ɗaya ku gani. Maƙalar takalmi na kusa da ta caca, ta caca na kusa da ta maganin rage ƙiba, babu sunan edita, babu sharhin mai karatu ko ɗaya. Ku saka adireshin a Wayback Machine na Internet Archive, za ku ga abin da shafin yake kafin a mayar da shi juji.

Za su nuna muku lamba, su ce shafin na da Domain Authority 60 ko 70. Wannan maki na kamfanin Moz ne, kamar yadda Domain Rating yake na Ahrefs. Ƙiyasi ne na kamfanoni masu zaman kansu, Google ba ya aiki da su wajen jera sakamako, kuma ana iya kumbura su da liƙau na bogi. Abin tambaya shi ne mutum nawa ke karanta shafin, kuma su waye. Nan ne za ku ji an fara kame-kame.

Akwai kuma masu cika baki da sunan manyan jaridu da gidajen talabijin. Abin da kan biyo baya shi ne sanarwar talla da aka tura ta kamfanin rarraba sanarwa, ta faɗa wani lungu na shafin da ba mai shiga, bayan ɗan lokaci a goge. Wasu ma a Medium ko LinkedIn za su liƙa rubutun, inda kowa ke iya wallafawa kyauta, su kawo muku a matsayin aikin da kuka biya. Cinikin biri a sama ke nan.

Da asarar kuɗin ce kaɗai, da da sauƙi. Sayen liƙau don ɗaga matsayi ya saɓa dokar Google, sai in an yi masa alamar nofollow, wadda ta fito a 2005, ko sponsored, wadda ta zo a 2019, alamomin da ke gaya wa Google kada ya lissafa liƙau ɗin wajen ɗaga matsayi, kuma da zarar an sa alamar, ɗagawar da aka yi muku alƙawari ta tafi. In kun yi sa'a, Google ya yi watsi da liƙau ɗin kamar babu su. In ba ku yi ba, ku tarar da sanarwar hukunci a Search Console, dandalin da Google ke sanar da masu shafi halin da shafinsu yake ciki, shafinku ya nutse, mai tayin kuwa ya canza suna yana lallashin wani. In rubutun sato shi aka yi aka ɗora a shafinku, mai shi na iya kai ƙorafi ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998, wato DMCA, a cire shafin daga sakamakon bincike. Wani lokaci ma masu waɗancan shafukan za su dawo su ce sai kun biya kafin su cire liƙau ɗin. Kada ku biya. Tun Oktoban 2012 Google ke da hanyar da mai shafi zai barranta da liƙau da bai yarda da su ba, kuma kyauta ce.

Mafi muni a ganina shi ne wanda zai ce ku ba shi kalmar sirrin shafin "don ya ɗora maƙalolin da kansa". Da ita zai iya cusa ɓoyayyun liƙau na wasu, ya buɗe wa kansa wata ƙofar shiga, ko ya kulle ku waje. In dole ne wani ya ɗora rubutu, a buɗe masa asusun marubuci mai iyakataccen iko, a rufe bayan ya gama.

Marubucin kirki zai tambaye ku su wa ke sayen kayanku da abin da ke damunsu, ya nuna muku aikin da ya yi da sunansa, ya faɗi sunan shafin da za a wallafa tun kafin a biya, ya kuma yarda a fara da maƙala ɗaya. Ku ɗauki jimla guda daga samfurinsa ku saka a Google tsakanin alamun zance, ko ku gwada da Copyscape, shafin gano kwafaffen rubutu, ku ga ko tana wani wuri.

Wanda ya riga ya biya, ya canza kalmomin sirri yau, ya duba jerin masu ikon shiga shafinsa, ya adana hotunan hirarsu da shaidar biya. In da kati aka biya, a tuntuɓi banki da wuri kan neman maido da kuɗin. In ta PayPal ne, akwai wa'adin kwana 180 na shigar da ƙorafin rashin samun abin da aka saya, amma ba ya aiki in an tura kuɗin a matsayin kyauta ga ɗan uwa ko aboki, shi ya sa suke nacewa a bi ta nan, ko ta kirifto. Sannan ku sa ran wani saƙon daga "ƙwararren" da zai ce zai ƙwato muku kuɗinku ko ya wanke shafinku in kun ba da wani abu tukuna. Shi ma ku toshe shi.