Katin mai gyaran gas da kafintan Unguwar Dosa

Wata Asabar cikin Janairu boilar gidan da nake haya a Manchesta, wato na'urar gas mai zafafa ruwa da ɗumama gida, ta mutu murus. Ba ruwan zafi, ba ɗumi, yara suka kwana da rigunan sanyi bibbiyu. Sai na yi abin da Kaduna ta koya mini, na kira wani ɗan'uwa da muke haɗuwa a masallacin Juma'a, wanda aka ce hannunsa na da kyau. Ya kwance murfi, ya taɓa nan ya taɓa can, bai dace ba.

Ran Litinin ejan ɗin mai gida ta turo nata mutumin. Tun daga bakin ƙofa ya miƙo mini kati mai hotonsa da lambarsa, a baya an jera irin aikin gas da aka yarje masa. Yana duban boilar ya ce wa ya buɗe ta? Na ce wani ɗan'uwa ne. Ya ce yana da rajista? Na yi tsuru-tsuru. Kafin magariba ejan ta aiko da saƙon gargaɗi, cikin ladabin nan nasu mai yanka kamar reza. Da furfurata, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ashe a nan laifi ne wanda ba ya cikin rajistar Gas Safe, wadda aka fara a 2009, ya yi sana'ar gyaran gas. Dole mai gida ya sa a duba gas kowace shekara ya ba ɗan haya takarda, wayoyin wuta kuma duk shekara 5. Gyaran rufi da famfo da na'urar ɗumama gida, dokar 1985 ta ɗora su a wuyansa. Lambar katin kuwa, kowa na iya bincika ta a intanet.

Ba wai ba su da nasu ba. Za a ce ka jira daga ƙarfe 8 zuwa 1, ka yi asarar rabin yini, kuma taka ƙafar mai gyara kawai kuɗi ne. Shayi dai ya sha, amma babu ina gajiya, babu ya iyali. Na tuna mai gyaran famfonmu na Tudun Wada da ke zama a ci tuwo da shi.

A daren nan gidana na Unguwar Dosa ya faɗo mini a rai. Tun daminar bara rufin ɗakin 'yan haya ke yoyo. Kafinta ya karɓi kafin alƙalami, wai zai sayo kwano a Panteka, shiru kake ji. Ba rasit, ba takarda, shaidarsa kawai an san gidansu. Mu kuwa kunya ta cinye mu: mutum ya ɓata maka aiki, gobe a tambaye ka, ka ce ai yana ƙoƙari. Na ce wa ƙanena ya nemo wani, ya ce, "Haba Yaya, surukin Kawu ne fa, da wane ido za mu dube shi?"

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ya ƙara da cewa matar ɗan hayan ta kwashe wata uku tana tara roba a tsakar ɗaki, kuma sau biyu yana turo mini hoton silin ɗin ban ce komai ba. Na duba WhatsApp. Suna nan, tun Agusta.