Yadda ake sayar da tikitin wasa a Ingila, da rigimar sunan wa za a sa a saman fosta

Ƙanina barka da war haka, ya Hajiya ya yara, ya kasuwa? Ka ce in ba ka labarin yadda harkar wasa take a nan tunda kai ma kana taɓa shirya gala lokacin sallah. To ni dai ɓangaren da na fi sani shi ne na masu kiɗan nan da ake ce wa metal, don kamfanin tsaron da nake wa aiki a Birmingham idan lokacin zafi ya zo yawanci wajen wasanninsu ake tura mu, mu tsaya a ƙofa ko a gaban dandamali da rigarmu mai sheƙi. Kiɗa ne na jita da ganguna mai ƙarar tsiya, mawaƙin wani lokacin kamar ihu yake, kuma a garin nan aka haifi kiɗan. Black Sabbath, ƙungiyar da ake cewa ita ta fara shi, 'yan unguwar Aston ne a nan Birmingham, a 1968 suka fara, yaran ma'aikatan masana'anta ne, mai jitarsu Tony Iommi ma inji ne ya datse masa kan yatsu biyu a kamfanin ƙarfe yana ɗan shekara 17, ya haɗa wa kansa wani abu na roba ya sa a yatsun ya ci gaba da kiɗa.

Tikitin manyan wasanni dai ba a sayensa a bakin get. Wata shida, wani lokacin ma kusan shekara kafin ranar wasa ake buɗe sayarwa a intanet, za a ce ranar Juma'a ƙarfe goma na safe, kowa ya zauna da wayarsa ko kwamfuta ya shiga layi, ka ga lamba a fuskar wayar tana ce maka mutum dubu kaza ne a gabanka, kana kallo tana raguwa a hankali, in rabonka ne ka kai gaba ka samu, in ba rabo ba kana isa a ce ya ƙare. Wasan bankwanan da Black Sabbath suka yi a filin ƙwallo na Villa Park da ke Aston ranar 5 ga Yuli 2025 cikin minti 16 tikitinsa ya ƙare kaf, alhali mafi arha ya kusa fam 200. Kuɗin kuwa, asibitin yara da ƙungiyoyin taimakon marasa lafiya aka ce za a kai wa, shi ya sa mutane da yawa ba su yi ƙorafi ba. Mawaƙinsu Ozzy Osbourne a zaune ya yi waƙa ranar saboda ciwon Parkinson da yake fama da shi, ranar 22 ga Yulin dai ya rasu, gadar da aka sa wa sunansu a Broad Street furanni sai da suka rufe ta, wallahi na ga tsofaffi da furfura suna kuka a wajen.

Abin da ya fi ba mutane haushi shi ne wani tsari da farashi yake hawa kana cikin layi, idan masu nema suka yi yawa. A 2024 da Oasis suka sanar da dawowarsu, su ba 'yan metal ba ne amma kowa ya sha labarin, tikitin da aka ce wajen fam 150 ne mutum ya kai gaban layi ya tarar ya haura 350 a shafin sayar da tikiti na Ticketmaster, har hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta buɗe bincike. Bayan haka ne Iron Maiden, manyan 'yan metal, suka fito suka ce su a rangadinsu na cika shekara 50 ba za a yi wannan ba, kuma duk wanda zai sake sayar da tikitinsa kar ya wuce kuɗin da ya saya. Masoyansu har yanzu suna yaba musu. 'Yan bumburutun tikiti kam akwai su, sai dai yanzu ba takarda ba ce, yana cikin manhaja a wayarka kuma lambar da ake haskawa a ƙofa wani lokacin canzawa take yi, ka ɗauki hotonta ka tura wa wani ba za ta yi aiki ba. Na sha mayar da mutane daga ƙofa a kan haka, wasu an cuce su ne a Facebook, ba daɗi ko kaɗan ka ce wa mutum ya koma bayan ya yi tafiyar awa huɗu a jirgin ƙasa.

Sai maganar fosta, nan ne musun yake. Babban taronsu na shekara shi ne Download, ana yinsa a watan Yuni a Donington Park, filin tseren motoci ne kusa da filin jirgin East Midlands, kana tsaye jirage na wucewa ta kanka ƙasa-ƙasa. Tun 2003 ake yinsa, kafin shi kuma a wajen ake yin Monsters of Rock daga 1980. Kowace rana ƙungiya ɗaya ce ake rubuta sunanta da manyan baƙaƙe a can sama, ita ke rufe wasa, sauran kuma baƙaƙen na ƙanƙancewa har ka zo ƙasa inda sai ka matso za ka iya karantawa. Kamar dai dambe ne, ba a fito da manyan 'yan wasa da wuri sai fili ya cika. Kuma ba maganar girma kaɗai ba ce. Na sama shi ke samun kusan awa biyu, shi ke kawo nasa kayan dandamali da wuta da hayaƙi, shi ke wasa bayan duhu ya shigo, don a Yuni a nan rana sai ta wuce ƙarfe tara ba ta faɗi ba, na biyu kuwa ɗan lokacinsa ya fi gajarta kuma da sauran haske yake hawa, fitilunsa ma ba sa fitowa sosai. Kuɗin da ake biya ma haka yake bambanta.

To Judas Priest su ne abin musu a ɗakin hutunmu da kuma cikin 'yan kallo. Su ma 'yan yankin nan ne, tun 1969, mawaƙinsu Rob Halford an haife shi a 1951 kuma har yau yana shigowa dandamali a kan babur da rigar fata mai ƙusoshi, wannan shigar ma da kowa ke kwaikwayo su suka yaɗa ta. A taron farko na 1980 a Donington suna nan, ƙarƙashin Rainbow. A 2008 suka zo Download ƙarƙashin Kiss, a 2015 kuma ƙarƙashin Slipknot, waɗanda a haife Halford ya haifi wasunsu. Masoyansu suna cewa wannan raini ne, ta yaya wanda ya share hanya zai tsaya a layi na biyu a gidansu? Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa a duba tikiti, Iron Maiden sun cika London Stadium a Yuni 2025 su kaɗai, Metallica a 2023 dare biyu aka ba su a Download ɗin nan, su kuwa Priest ɗakunan wasa masu rufi suke cikawa, a O2 na Landan ma a 2025 tare da Alice Cooper suka raba wasan. Mai shirya taro ya zuba miliyoyi, dole ya sa sunan da zai sa mutum ya ciro katinsa.

Ni na fahimci lissafin nan kuma ba ƙarya suka yi ba, amma zuciyata tana tare da tsofaffin. Na tsaya a gaban dandamali ina fuskantar 'yan kallo, don aikinmu baya muke ba mawaƙa, kuma na ga yadda fuskoki suke canzawa idan irin waɗannan suka hau, uba da ɗansa da jika an sa masa abin rufe kunne babba, duk sun haddace waƙar. Sau ɗaya dai a ba su saman fostar ba zai karya kowa ba. A Bloodstock, wani ƙaramin taro da ake yi a watan Agusta a Catton Park, an ba su a 2018 da 2021, kuma mutane da yawa da na yi hira da su sun fi son can saboda ba shi da girman da za ka gaji da tafiya. A 2025 kuma Download suka ɗora Sleep Token a sama, sabbin yara masu rufe fuska, tare da Green Day da Korn, musu ya sake tashi sabo, wasu na cewa in ba a ɗaga yara ba wa zai rufe wasa nan da shekara goma tunda manyan duk sun haura sittin, wasu saba'in. Wannan ma gaskiya ce, mai gangan Iron Maiden Nicko McBrain a ƙarshen 2024 ya daina fita rangadi.

Amma fa abin da ka biya za ka samu, wannan kam ban taɓa ganin an saɓa ba sai da dalili babba. An ce ƙarfe tara da kwata to tara da kwata za su hau, ƙarfe sha ɗaya kuma a kashe sauti saboda sharaɗin lasisi ko waye a kai. Sunan da ke fosta in ya fasa zuwa za a sanar a sa wani, in an soke wasan gaba ɗaya kuɗinka zai dawo asusunka. Ka tuna yadda a gida za a manna hoton mawaƙi biyar, biyu su zo, su ma sai bayan sha biyun dare, janareto ya tsaya a jira, kuma ba wanda za ka riƙe. A nan akwai famfon ruwan sha kyauta, akwai tantin likitoci, masu keken guragu an gina musu wani tudu na musamman da za su ga dandamali kuma wanda ya rako su ba ya biya, har masu fassara waƙa da hannu ga kurame na gani a gefe. Banɗakin ne dai zuwa rana ta uku ba ya shiguwa, in kuma aka yi ruwa filin ya zama taɓo har idon sawu, kowa da takalmin roba.

Tsadar ce ke damuna. Tikitin kwanakin Download da wajen kafa tanti ya haura fam 300, mafi ƙarancin albashi kuma a Afrilu 2025 an mayar da shi fam 12.21 a awa, ka ga sama da aikin kwana uku cur kenan kafin ka sa kuɗin mota da abinci, ga wani kuɗin da suke ɗorawa a ƙarshe wai na hidimar sayarwa, a ciki kuma burodi da nama ɗaya sai ya ci maka fam goma ko fiye, kuma ba sa karɓar tsaba sai kati ko waya. Suna ba da damar biya kaɗan-kaɗan wata-wata, wannan ya taimaka, amma duk da haka yaron Aston na yau da ubansa ke aikin sito da wuya ya shiga. Ranar wasan Villa Park mutanen unguwar da yawa daga ƙofar gidajensu suka ji sautin.

In za ka ɗauki wani abu ga naka wasan, fara sayar da tikiti tun da wuri ta tiransifa da ɗan rangwame ga na farko, ka rubuta lokacin hawan kowane mawaƙi a fosta, kuma kar ka sa sunan wanda bai karɓi kafin alƙalami ya sa hannu ba. Toshen kunnen da ake raba mana a wajen aiki zan haɗo maka da kwali ɗaya in an samu mai zuwa, ka ba yaran da ke tsayawa kusa da lasifika, don da yawa cikin tsofaffin nan na nan kunnensu ƙara yake musu dare da rana kuma ba ya warkewa. Ka gaida Hajiya sosai.